Waiwaye: Matan fadar Faransa da gidajen zuhudu

A tsohuwar masarautar Faransa mace ba ta gadon sarauta. Iyakarta ta auri sarki, ta haifi magaji, ko ta yi riƙon ƙwarya idan ɗanta yaro ne. Filin da aka sakar mata shi ne na addini: sadaka, gina coci, da kula da gidajen zuhudu na Katolika, inda mata ke killace kansu don ibada. Ko can ɗin ma ba a ɗauke mata ido ba.

Sarauniya Anne, 'yar sarkin Sifaniya, ta auri Louis na 13 a 1615, aka yi shekara 23 babu magaji. Gidan zuhudu na Val-de-Grâce a Paris ya zama mafakarta, har ɗaki gare ta a ciki. Daga nan take aika wasiƙu ga danginta, alhali tun 1635 ƙasashen biyu na yaƙi. A 1637 Kadinal Richelieu, babban limamin coci kuma babban ministan sarki, ya sa aka binciki ɗakin, aka sauke shugabar gidan, aka sa sarauniya ta amsa laifi a rubuce, aka kuma hana ta shiga irin waɗannan gidaje sai da izinin sarki. Shekara na zagayowa, a Satumban 1638, ta haifi Louis na 14. Da ma ta yi bakancen gina coci idan ta samu ɗa, don haka da mijinta ya rasu ta karɓi riƙon ƙwarya, sai ta sa yaron ya aza harsashin cocin Val-de-Grâce a 1645. Daga 1662 nan aka riƙa ajiye zukatan mamatan gidan sarauta, gawarwaki kuma a kai babban cocin garin Saint-Denis, makabartar sarakuna.

Ba kowa ce ta je don ganin dama ba. A 1738 Kadinal Fleury, babban ministan sarki, ya ga kuɗin hidimar 'ya'yan Louis na 15 mata ya yi yawa, sai aka kwashi ƙanana huɗu zuwa gidan zuhudu na Fontevraud. Autarsu Louise ko shekara ba ta cika ba. Ɗaya ta rasu a can a 1744, Louise kuwa sai 1750 ta dawo fadar Versailles.

Ita ce kuma ta girgiza fadar a Afrilun 1770, da ta shiga gidan zuhudu na 'yan ɗariƙar Karmel da ke garin Saint-Denis bayan ta samu yardar mahaifinta a asirce. Ƙa'idar Karmel ba wasa: babu cin nama, azumi daga 14 ga Satumba har Ista, katifar ciyawa, takalmin igiya, baƙo kuwa sai ta bayan tagar ƙarfe. Masu cewa gudun fada ta yi ba su faɗi duka ba. Gidan na fama da bashi, zuwanta ya cece shi, a 1773 ta zama shugabarsa, kuma daga bayan tagar nan ta ci gaba da rubuta wa ministoci da manyan limamai wasiƙu kan harkokin coci har ta rasu a Disamban 1787.

Juyin juya hali ya rufe gidajen zuhudu a 1792. An watsar da zukatan Val-de-Grâce, ginin ya koma asibitin soja, gidan 'yan Karmel na Saint-Denis kuma yanzu gidan tarihi ne.