Ba Duk Fumfunar Ƙasa Ce Cuta Ba

Wasu masu renon dashen itatuwa kan ɗauka cewa duk fumfunar da ke cikin ƙasa cuta ce. Da zarar an tona aka ga fararen zaruruwa a cikin ruɓaɓɓen ganye, sai a zubar da ƙasar ko a feshe ta da magani. Suna da ɗan dalili, don akwai irin da ke ruɓar da saiwar ƙananan tsirrai, musamman idan ban ruwa ya yi yawa. Amma waɗancan fararen zaruruwa galibi aikinsu mayar da ganye taki.

Akwai kuma wata da ido ba ya gani, mai zama cikin saiwa. Zaruruwanta sun fi saiwa siranta nesa ba kusa ba, suna kutsawa lungun da saiwa ba ta kaiwa, su kawo ruwa da sinadarin fosfaras, shuka ta biya su da sukari. Wani Bajamushe, Albert Frank, ya bayyana wannan cuɗanya tun 1885. Yawancin tsirran doron ƙasa da ita suke rayuwa, har da dawa, gero da wake. Labta takin zamani mai fosfaras fiye da kima yana rage ta.

A 1997, Suzanne Simard ta Kanada ta wallafa binciken da ya nuna sinadarin kabon yana ratsawa tsakanin ƙananan itatuwa iri biyu ta ƙarƙashin ƙasa, ta kuma danganta hakan da zaruruwan fumfuna da suka haɗa saiwoyinsu. Daga nan 'yan intanet suka ƙara gishiri, wai itatuwa har hira suke yi. A 2023 wasu masana a Kanada da Amurka suka sake bin hujjojin, suka ce zancen ya zarce abin da aka gwada a daji.