Birkin mota: daga ƙafar direba zuwa taya

Idan direba ya taka birki, me ke faruwa kafin mota ta tsaya?

Abin takawar yana tura fistin a cikin masta, wato famfon man birki, fistin ya danna man birki, man ya bi ƙananan bututai zuwa kowace taya. Mai ba ya matsuwa kamar iska, don haka ƙarfin da aka danna a sama shi ke isa ƙasa. A gaban mota, man yana matse fad biyu, takalman birki ke nan, a jikin diski, wato faifan ƙarfen da ke juyawa tare da taya. Wannan gogayyar ce ke cinye gudun, ta mayar da shi zafi. Ƙananan motoci da yawa kuma doram ne a bayansu, wato ƙarfe mai kama da kwano, inda lainin, takalmin birkinsa, ke buɗewa daga ciki ya goga jikin ƙarfen. Birkin gaba ne ya fi shan wahala, domin nauyin mota gaba yake komawa lokacin tsayawa, shi ya sa fad ɗinsa ke riga ƙarewa.

Me ya sa birki ke yin tauri idan inji ya mutu?

Tsakanin abin takawa da masta akwai busta, wanda ke amfani da zuƙar iskar inji ya ninka ƙarfin ƙafa. Inji na mutuwa, taku biyu ko uku ya rage, daga nan sai ƙafa zalla. Direban da ke kashe inji a gangara don tsimin mai, da ransa da na fasinjoji yake ciniki.

Man birki yana lalacewa ne, ko ƙarawa kawai ake yi?

Yana lalacewa, kuma nan ne aka fi sakaci. Nau'ukan man birki da ake kira DOT 3 da DOT 4 suna zuƙar danshin iska a hankali. Sabon DOT 4 ba ya tafasa sai ya haura digiri 230 a ma'aunin Salshiyos, amma idan ya sha danshi yana iya saukowa wajen 155. Da zarar ya tafasa sai ya yi kumfa, kumfa kuwa matsuwa take yi, sai ka ji ƙafarka ta tafi har ƙasa mota ba ta rage gudu ba. Kamfanoni da dama suna so a juye shi gaba ɗaya duk shekara 2. Kada a haɗa DOT 5 da sauran, sinadarinsa daban ne. Idan kuma man yana raguwa, ko fad ya cinye ne ko wani wuri na yoyo. A nemo dalilin kafin a cika kwalbar man birkin.

To yaya ake sauka doguwar gangara?

Da giya. A wuri irin Hawan Kibo, kan hanyar Jos zuwa Akwanga, wanda ya ɗora ƙafa a birki tun daga sama zai dafa fad da mai kafin ya kai ƙasa. A sa giya ta biyu ko ta uku tun kafin gangarar, inji ya riƙe motar, birki kuma a taka a saki.

Mene ne aikin ABS?

Na'ura ce mai lura da juyawar kowace taya. Idan ɗaya za ta ƙame ta fara ja a kwalta, sai na'urar ta riƙa sakin birkin da kamawa sau da yawa cikin daƙiƙa guda, don sitiyari ya ci gaba da amsawa. Bosch da Mercedes-Benz sun fito da nasu a 1978. Idan abin takawa ya yi rawa a ƙafarka, aikinta take yi, ci gaba da dannawa, kada ka ɗaga.

Waɗanne alamu ne ke cewa a je wurin bakanike?

Ƙarar ƙarfe kan ƙarfe, mota na ja gefe ɗaya, sitiyari na karkarwa lokacin tsayawa, ko birki ya yi laushi. Na ƙarshen nan ba ya jiran gobe: a faka motar, a kira bakanike ya zo inda take.