Gida naka, fili na wani: abin da dokar Kalifoniya ta tanadar wa mazauna gidajen tafi-da-gidanka

A Amurka akwai unguwannin da mutum ke sayen gidan da aka ƙera a masana'anta, a jawo masa shi da babbar mota, a girke a kan filin da ba nasa ba. Gidan mallakinsa ne, ƙasar kuwa ta mai unguwa ce, duk wata yana biyan kuɗin hayar fili. A jihar Kalifoniya, dokar da ke tsakanin ɓangarorin biyu ita ce Mobilehome Residency Law, wadda ke farawa daga sashe na 798 na kundin dokokin farar hula na jihar.

Kan ƙarin haya, dokar jiha ta fi maida hankali ga sanarwa. Dole mai fili ya ba da sanarwa a rubuce kwana 90 kafin ƙarin ya fara aiki. Amma nawa zai ƙara? A mafi yawan wurare jiha ba ta sa iyaka ba, ta bar wa birane da gundumomi. Wasu sun yi dokar ƙayyade haya, wasu ba su yi ba, don haka unguwanni biyu masu maƙwabtaka na iya zama ƙarƙashin hukunci daban. A da, duk yarjejeniyar da ta wuce wata 12 tana fita daga kariyar dokar birni, shi ya sa masu fili ke son a sa musu hannu a doguwar takarda. Wannan kafa an toshe ta gaba ɗaya daga 1 ga Janairun 2025.

Ɗan haya na yau da kullum in an matsa masa sai ya kwashe kayansa. Mai irin wannan gida ba haka yake ba. Ɗauke gidan na cin kuɗi mai yawa, kuma da wuya wata unguwa ta karɓi tsohon gida. A shari'ar Yee da birnin Escondido a 1992, Kotun Ƙolin Amurka ta ambaci cewa kusan gida ɗaya ne cikin ɗari ake taɓa ɗagawa daga inda aka girke shi. Kotun ta kuma ƙi yarda da hujjar masu fili cewa ƙayyade haya tamkar mamaye musu ƙasa ne.

Saboda haka hanyar fita ita ce sayar da gidan a inda yake, kuma a nan dokar ta fi tsayawa wa mai gida. Yana da damar kafa allon sayarwa. Ba a tilasta masa ya yi amfani da mai fili a matsayin dillali, kuma ba a karɓar masa la'ada sai in shi ya nemi aikin a rubuce. Ba a cewa a fitar da gidan don an sayar, sai idan ya lalace ƙwarai, ko ya tsufa har ya saɓa wa ƙa'idojin lafiya da tsaro. Mai fili na da ikon tantance mai saye, amma ba don fuskarsa ba ta yi masa ba: sai dai in ba zai iya biyan haya ba, ko tarihin zamansa a baya ya nuna ba ya bin ƙa'ida, ko ya yi ƙarya ko ɓoye muhimmin bayani a takardun neman. Dole ya ba da amsa a rubuce cikin kwanakin aiki 15 bayan ya karɓi takardun da ya nema.

Inda gizo ke saƙa shi ne hayar da za a yanka wa sabon mai gida. Idan dokar birni ba ta hana ƙari a lokacin canjin hannu ba, mai fili na iya ɗaga haya ga mai saye yadda ya ga dama. Mai saye kuwa lissafin abin da zai riƙa fitarwa duk wata yake yi, don haka duk abin da aka ɗora a haya daga farashin gidan zai zabge shi. A ganina wannan ne giɓin da ya fi cutar da tsofaffin da suka zuba kuɗin fanshonsu a irin waɗannan gidaje. Kafin ka kafa allo, ka je ofishin birninku ka tambaya ko dokarsu ta taɓa wannan batu, sannan ka nemi mai fili ya rubuta maka hayar da zai yanka wa mai saye. In ya taka doka, ana kai ƙorafi hukumar gidaje ta jiha, HCD, wadda ta fara karɓar irin waɗannan ƙararraki a 2020.