New Edition da Mawaƙan R&B da Suka Fito Daga Cikinta

New Edition ƙungiyar mawaƙa ce ta baƙaƙen fatar Amurka, wadda wasu yara suka kafa a 1978 a rukunin gidajen gwamnati na Orchard Park, cikin unguwar Roxbury ta birnin Boston. Waɗanda ta yi suna da su su biyar ne: Bobby Brown, Ricky Bell, Michael Bivins, Ralph Tresvant da Ronnie DeVoe. Kawun DeVoe, Brooke Payne, shi ya koya musu rawa. Abin da ya ba ta matsayi a tarihin R&B shi ne, saɓanin yawancin ƙungiyoyin samari, duk 'ya'yanta sun yi tashe bayan sun girma.

Farawa da matsalar kwantiragi

Furodusa Maurice Starr ya gano su a wata gasar waƙa a Boston, ya fitar musu da faifan Candy Girl a 1983. Ya gina su bisa tsarin Jackson 5, ƙungiyar Michael Jackson da 'yan uwansa: yaro mai siririyar murya a gaba, wato Tresvant, sauran suna amshi, rawa kuma ƙafa ɗaya. Waƙar da faifan ya ci sunanta ta kai mataki na ɗaya a Birtaniya. Amma da suka dawo daga rangadinsu na farko, abin da aka miƙa wa kowannensu dala 1.87 ne kacal.

Wannan ba kuskuren lissafi ba ne, haka tsarin yake. Kamfani ne ke biyan kuɗin situdiyo, sutura, mota da masauki, sannan ya cire su duka daga kason mawaƙi kafin ya ga ko sisi. Kuɗin mallakar waƙa kuwa na wanda ya rubuta ta ne, yaran kuma ba su ne suka rubuta ba. Da yake ba su kai shekara 18 ba, iyaye ke sa hannu a madadinsu, galibi ba su san kan harkar ba. Sun rabu da Starr suka koma kamfanin faifai na MCA a 1984, sai daga baya suka gano cewa da wani ƙaramin kamfanin tsakani suka ƙulla yarjejeniya, ba da MCA kai tsaye ba. Sai da suka ci bashi kafin su fanshi kansu.

Ƙetare samartaka

Nan ne irin waɗannan ƙungiyoyi suka fi mutuwa. Murya na fashewa, 'yan matan da ke sayen faifai su girma su juya baya, ga kishin wanda ake ba jagorancin waƙa. Frankie Lymon, wanda ya yi tashe da ƙungiyar Teenagers a 1956 yana ɗan shekara 13, bai sake samun kasuwa ba bayan muryarsa ta sauya, ya rasu a 1968 yana da shekara 25.

A New Edition, Brown ne ya fara gajiya da tsayawa bayan Tresvant da rera waƙoƙin yara, aka cire shi a ƙarshen 1985. Maganin da suka samo na da hikima: a 1987 suka ɗauko Johnny Gill daga Washington, mai kakkaurar muryar da ta taso a waƙar coci. A faifan Heart Break na 1988, furodusoshi Jimmy Jam da Terry Lewis suka haɗa muryoyin biyu, ta Tresvant mai taushi da ta Gill mai ƙarfi. Da haka suka riƙe tsofaffin masoya, suka kuma samu manya.

Kowa da tafarkinsa

Faifan Brown mai suna Don't Be Cruel, na 1988, shi ne ya fi kowane ciniki a Amurka a 1989. Ya yaɗa salon new jack swing, wato ɗora waƙar R&B a kan bugun hip hop, salon da aka fi dangantawa da furodusa Teddy Riley. A 1989 Bell, Bivins da DeVoe, waɗanda a da ake gani 'yan amshi ne kawai, suka kafa Bell Biv DeVoe, faifansu Poison na 1990 ya sayu a miliyoyi. A 1990 ɗin ne Tresvant da Gill suka fitar da nasu, kowanne ya karɓu.

Tasiri

Starr ya ɗauki tsarin nan nasu ya kafa New Kids on the Block a 1984 da fararen yara na Boston, suka kuma fi New Edition ciniki nesa ba kusa ba, abin da ke nuna yadda launin fata ke raba kasuwar waƙa a Amurka a lokacin. Bivins shi ma ya koma renon mawaƙa, shi ya fito da Boyz II Men na Philadelphia, waɗanda suka samo sunansu daga wata waƙa ta cikin Heart Break.

Su shidan sun sake haɗuwa a 1996 da faifan Home Again, wanda ya shiga jadawalin cinikin faifai na Billboard a mataki na ɗaya, sai dai rangadin da ya biyo baya ya watse saboda rikicin cikin gida. A Janairun 2017 aka kafa musu tauraro a titin girmamawa na Hollywood, tashar BET kuma ta nuna tarihinsu a shiri mai kashi uku.