Gwajin ruwan kwamin ninkaya a gida

Gwajin ruwan kwamin ninkaya shi ne auna sinadaran da ke cikin ruwan da ake iyo ko wanka a ciki, domin a san ko yana kashe ƙwayoyin cuta ba tare da ya cutar da fata, ido ko bututu ba. Ido kaɗai ba ya wannan aiki, don ruwa kan kasance garau alhali babu ko ɗigon kulorin, sinadarin da ke kashe ƙwayoyin cuta, a cikinsa.

Abu biyu ake fara dubawa, kuma tare suke tafiya: kulorin da ma'aunin pH, wanda masani ɗan Denmak, Sørensen, ya ɓullo da shi a 1909 don auna tsamin ruwa. Ana son pH ya tsaya tsakanin 7.2 da 7.8. In ya haura haka, kulorin yana nan amma ƙarfinsa ya ragu. In ya faɗi ƙasa, tsami ya yi yawa, ruwan ya fara cin ƙarfe, yana sa ido raɗaɗi. Shi kuwa kulorin da kashi cikin miliyan ake ƙidaya shi, wato ppm, kuma 1 zuwa 3 ake nema a kwamin ninkaya. Kwamin ruwan zafi ya fi buƙata, aƙalla 3, saboda ruwan kaɗan ne, zafi na cinye sinadari da sauri, kuma ƙwayoyi irin su Legionella suna son ɗumi. Shi ya sa masu irin wannan kwami da yawa suka koma amfani da buromin, wani sinadarin kashe ƙwayoyin cuta da ya fi jure zafi.

Mafi sauƙin hanya ita ce 'yar takardar gwaji: a tsoma, a fitar, a jira kamar daƙiƙa 15, a gwada launinta da jadawalin jikin kwalba. Sai dai danshi na lalata ta, kuma kowa da yadda idonsa ke ganin launi. Gwajin ɗigo ya fi ta inganci. Ana sa hannu har gwiwa a ɗebo ruwa nesa da inda famfo ke fesowa, a cika 'yan bututai biyu zuwa layi. Ɗaya a ɗiga masa jan sinadarin fenol, wanda ke komawa ruwan ɗorawa in akwai tsami, ya yi ja in babu. Ɗayan a sa masa sinadarin auna kulorin da ake kira DPD, wanda masanin Ingila Arthur Palin ya fito da shi a 1957, ruwan ya koma ruwan hoda gwargwadon kulorin ɗin da ke aiki. A nan ne sababbin hannu ke faɗawa tarko: in kulorin ya yi yawa ƙwarai, sai launin ya bayyana ya ɓace nan take, mai gida ya zaci babu komai, ya ƙara zuba magani. Mafita ita ce a sirka ruwan gwajin da ruwa mai tsabta a sake aunawa.

Warin nan mai hawa kai da ake cewa na kulorin ne, yawanci na kuloramin ne, abin da ke samuwa in kulorin ya haɗu da gumi da fitsari. Alama ce ta ƙarancin kulorin mai aiki, ba yawansa ba.

Sauran ma'aunai ba sai kullum ba. Jimillar alkali, wato sinadaran da ke rage tsamin ruwa, ana son ppm 80 zuwa 120, don ita ke hana pH tsalle-tsalle. Sinadarin sayanurik, ppm 30 zuwa 50, shi ke kare kulorin daga rana a kwamin da ke fili. In ya taru da yawa, sai an zubar da wani ɓangare na ruwan an zuba sabo.