Filayen al'umma da shirin ko-ta-kwana a ƙananan hukumomin Kano

Filayen al'umma su ne wuraren da aka bari babu gini a cikin gari domin amfanin kowa: dandali, filin Idi, filin ƙwallo, lambun shan iska, maƙabarta, kududdufi da gefen rafi. A tsarin birane ana haɗa maganarsu da shirin ko-ta-kwana, domin filin da yara ke wasa a kai da rani shi ne yake shanye ruwa da damina, kuma can jama'a ke taruwa idan gidaje suka rushe ko gobara ta tashi. Birnin Kano da kewayensa yana ƙarƙashin ƙananan hukumomi 8 daga cikin 44 na jihar: Birni, Dala, Gwale, Fagge, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo.

Tarihi

Ana danganta fara ginin ganuwar Kano ga Sarki Gijimasu, wajen ƙarshen ƙarni na 11 ko farkon na 12, sarakunan baya kuma suka yi ta faɗaɗa ta. Ba gidaje kaɗai ganuwar ta kewaye ba. An bar fili mai faɗi a cikinta don noma da kiwo, saboda idan abokan gaba suka yi wa birni zobe a samu abinci, mutanen ƙauyuka kuma su samu inda za su fake da dabbobinsu. Matafiyin nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya shigo Kano a 1851, ya tarar da babban ɓangaren cikin ganuwa gonaki ne da saura.

Kududdufai kuwa ginin ƙasa ne ya haife su. Duk unguwar da ta haƙi ƙasar tubali ta bar rami, ramin ya zama matattarar ruwan indararo da na lungu. Ruwan yakan kwanta watanni yana tsatsa cikin ƙasa, rijiyoyin kusa su amfana, abin da ya yi yawa kuma ya gangara rafin Jakara. Suna da illarsu, sauro da shara da nutsewar yara, kuma da wannan hujja aka cike da yawansu aka yi gini. Aikin da suke yi na riƙe ruwa ba a cika tanadar masa madadi ba.

Turawan mulkin mallaka sun zo da wani irin fili. A tsarin da aka bi zamanin Gwamna Lugard, musamman bayan dokar garuruwa ta 1917, ana barin tazarar yadi 440 babu gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, wai don gudun zazzaɓin cizon sauro. Wariya ce tsantsa, amma irin waɗannan filaye ne suka zama wuraren sukuwa, folo da golf. Dogon yaro, wato darbejiya, asalinsa daga Indiya ne, kuma ana cewa ya shigo arewacin Najeriya wajen ƙarshen shekarun 1920. Bayan 'yanci an tsara wa Kano shirin shekara 20, daga 1963 zuwa 1983, amma garin ya zarce shi da sauri.

Doka

Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma ginawa da kula da tituna, magudanan ruwa, wuraren shaƙatawa, lambuna da filaye, haka kuma maƙabartu da kwashe shara. Sai dai Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar birni a hannun gwamna, izinin gini a Kano kuma daga hukumar tsara birane ta jiha, KNUPDA, yake fitowa. Ke nan mai alhakin kula da fili ba shi ne mai ikon hana a yanka shi fuloti ba, kuma nan ne tushen yawancin matsalar. Dokar tsara birane ta 1992 ta tanadi hukumar tsarawa a matakin ƙaramar hukuma, amma jihohi kaɗan ne suka ba ta rai. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu na kuɗin asusun tarayya kai tsaye, ba ta hannun jihohi ba.

Shagunan da aka gina a filin Idi, aka kuma rushe su a 2023, sun jawo shari'a da saɓanin siyasa.

Ruwa da magudana

Ruwan Kano yana zuba ne cikin wata huɗu, Yuni zuwa Satumba, ya fi ƙarfi a Agusta. Ruwan milimita 50 a kan hekta ɗaya lita 500,000 ne, wato jarka 20,000 mai cin lita 25. Idan fili ne mai yashi da bishiyoyi, ƙasa za ta sha kaso mai yawa. Idan kwano ne da siminti, kusan duka zai hau titi cikin mintuna. Ana yashe magudanai a Afrilu da Mayu, daga ƙasa zuwa sama, domin idan aka fara daga sama ruwan zai tarar da toshiya a gaba. Kuskuren da aka fi yi shi ne jibge abin da aka yaso a bakin kwata, ruwan farko ya mayar da shi. Kwalbati ma yakan zama tarko idan ya fi magudanar ƙanƙanta, leda ta taru a bakinsa. Gidan ƙasa yana faɗuwa ne idan ruwa ya kwanta a gindin katanga kwana biyu ko uku. Ruwan da ya shiga kasuwar Kantin Kwari a daminar 2022 an danganta shi da gine-gine a kan hanyar ruwa.

Dashen itatuwa

Ana dasawa a Yuli bayan damina ta zauna, a rami mai zurfin kamar rabin mita, da tazarar mita 5 zuwa 6. Awaki da rashin ban-ruwa a ranin farko ne suka fi kashe dashe, shi ya sa ake kewaye kowane da ƙaya ko raga, a kuma ɗora shi a wuyan wani gida ko masallaci. Ba a dasa dogon yaro ƙarƙashin wayar lantarki ko daf da kwata.

Shirin ko-ta-kwana

An kafa hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, a 1999, jihohi suna da tasu, SEMA, kowace ƙaramar hukuma kuma ana son ta samu kwamitin agajin gaggawa. Hasashen damina na hukumar yanayi, NiMet, da na ambaliya na hukumar lura da ruwa, NIHSA, suna fitowa kafin ruwa ya sauka, aikin kwamitin shi ne isar da su ta bakin dagatai, masu unguwanni, limamai da rediyo. Tun kafin lokaci ake zaɓen wurin tsugunar da mutane, galibi makarantar firamare da ke kan tudu. Ƙa'idar da masu aikin jinƙai ke bi ita ce aƙalla lita 15 ta ruwa ga mutum a rana, banɗaki ɗaya ga mutum 20, da murabba'in mita 3.5 na rufi ga kowa. Rijiyar da ruwan masai ya faɗa ana rufe ta har a zuba mata sinadarin kulorin, domin amai da gudawa ta nan yake shigowa. Da hunturu hankali yana komawa kan gobara, kamar wadda ta cinye kasuwar Sabon Gari a Maris na 2016, inda abin dubawa shi ne ko motar 'yan kwana-kwana za ta iya shiga layi, da kuma inda za ta sake ɗibar ruwa. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112.