Ƙa'idar gwajin yawan ƙwayar HIV a jini, da inda take maƙalewa a ƙananan asibitoci

Tun 2016 ƙa'idar Ma'aikatar Lafiya ta Tarayyar Najeriya ita ce duk wanda aka samu da ƙwayar HIV a fara ba shi magani ba sai an jira jikinsa ya yi rauni ba. Yawancin manya yanzu TLD suke sha, sau ɗaya a rana, haɗin tenofovir da lamivudine da dolutegravir. Amma ƙiba ko kyan fata ba sa nuna magani yana aiki. Sai an auna yawan ƙwayar cutar a jini, gwajin da ma'aikata ke kira bayiral lod.

Ana yin sa bayan wata 6 da fara magani, a sake a wata na 12, daga nan sau ɗaya kowace shekara. Lambar da ake dubawa ita ce ƙwayar cutar 1,000 a kowace mililita ta jini. In ta haura haka, ba a gaggauta sauya magani. Ana zama da mutum sau uku cikin wata uku a gano abin da ke hana shi sha kan lokaci, sannan a sake gwajin. Sai in har yanzu lambar ba ta sauka ba za a mai da shi kan magani na mataki na biyu.

A zaman nan tambaya ce aikin, ba faɗa ba. Direban tirela da ke tashi daga Apapa zuwa Kano ya kan manta kwalbarsa a gida. Ɗan kasuwar Mile 12 ko Alaba Rago ya tafi gida Sallah, magani ya ƙare masa a can. Wata tana ɓoye nata saboda kishiya. Akwai kuma abin da ake yawan tsallakewa: maganin ƙarin jini, sinadarin kalsiyam da ruwan maganin ƙwannafi suna rage shigar dolutegravir jiki, don haka a sha TLD awa 2 kafin su ko awa 6 bayansu. Mai shan maganin tarin fuka mai rifampicin kuwa sai an ƙara masa dolutegravir miligiram 50, awa 12 bayan TLD. Azumi ba ya hana komai, a mai da lokacin sha zuwa dare.

Inda ƙa'idar ta fi karyewa shi ne tsakanin ɗiban jini da dawowar sakamako. Ƙananan asibitoci ba su da injin PCR da ke ƙirga ƙwayar cutar, sai su tura jini zuwa manyan ɗakunan gwaji irin na Cibiyar Binciken Likitanci ta Najeriya (NIMR) da ke Yaba a Legas. Jinin a kwalba mai murfi launin shunayya ake zuba shi, kuma ya kamata a juya shi a inji a ware ruwan jinin cikin awa 6. In wuta ta ɗauke, ko cunkoso ya riƙe mai babur a hanya, jinin ya lalace. Inda babu firij mai dogaro, ɗigon jini a kan takarda ta musamman da aka busar ya fi aminci. Lambar da ke jikin kwalba in ta saɓa da ta fom, a can ma za a ƙi karɓa.

Mafi ciwo shi ne sakamako ya dawo ya kwana a aljihun tebur wata biyu ba wanda ya buɗe.

Gyaran wannan bai buƙatar kuɗi masu yawa. Likita, nas, mai magani, ma'aikacin ɗakin gwaji da mai ajiye fayil su zauna sau ɗaya a wata, su zaro fayil 30, su ƙirga: nawa lokacin gwajinsu ya yi, nawa aka ɗiba, nawa sakamakonsu ya shiga fayil. Sai su gwada sauyi guda ɗaya tak na tsawon wata, misali manna jar takarda a fayil ɗin duk wanda ya haura 1,000 da buga masa waya cikin mako, sannan su sake ƙirga. In an sauya abubuwa biyar lokaci guda, ba za a gane wanda ya yi amfani ba.

Wajen kiran waya a kiyaye: dokar hana wariya ga masu HIV ta 2014 ta kare sirrinsu. A Agege ko Idi-Araba mutane da yawa kan yi amfani da waya ɗaya, don haka tun ranar rajista a tambayi mutum lambar da ya yarda a kira da kalmar da za a faɗa. Wanda yawan ƙwayar cutar ya sauka a jininsa kuwa yana iya karɓar maganin wata 3 zuwa 6, kuma in zai daɗe a Arewa ya nemi takardar sauyin asibiti kafin ya hau mota.